Rumfar baranda a Abuja: wacce ke tare rana, wacce iska ke ɗaukewa

Ka shiga duk gidan da barandarsa ke kallon yamma a Gwarimpa ko Lokogoma, wajen ƙarfe huɗu da rabi na la'asar a watan Maris. Ga rumfa an kashe mata kuɗi, ga kujeru an jera, amma ba kowa a wurin. Rana ta sunkuyo ta ƙarƙashin rumfar ta shige har bakin ƙofar falo, tayil ya yi zafi kamar kasko. Mai walda bai yi laifi ba, kwanon ma bai yi ba. Maganin ciwon ciki aka saya wa mai ciwon kai.

Lissafin ba wuya. A wannan lokacin rana ta sauko zuwa kusan digiri 30 daga ƙasa. In tsayin bakin rumfa mita biyu da rabi ne, hasken zai kutsa ciki fiye da mita huɗu, alhali yawancin barandunmu zurfinsu bai wuce mita biyu zuwa uku ba. Ko da zinari aka rufa saman, ranar la'asar ta gefe take zuwa, kuma abin da aka rataya a tsaye ne kaɗai ke tare ta. Saboda haka kafin ka nufi kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, ka tsaya a barandar sau uku a yini ɗaya, da hantsi, da azahar, da la'asar sakaliya, ka zana iyakar inuwa a ƙasa da alli.

Abuja na zaune kusan digiri 9 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka rana ba ta bin hanya ɗaya duk shekara. Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta ta arewa take ratsawa da azahar, sauran watanni kuma ta kudu. Barandar da ke kallon arewa ita ce 'yar gata: ko a watan Yuni ranar azahar ba ta shiga fiye da santimita 60 zuwa 70. Mai kallon kudu tana shan rana a Disamba, har mita ɗaya da rabi, amma ƙara wa rufi tsawo na maganinta. Gabas hantsi ne, ba ya cutarwa sosai, sai dai daga can hadari ke tasowa, shi ya sa barandar gabas ta fi kowacce shan feshin ruwa. Yamma ce dai mai rigima.

Abu na biyu shi ne iska. Iskar da ke zuwa gaban ruwan farko, ƙarshen Maris zuwa Mayu, ita ce alƙalin kowace rumfa a Abuja. Ba danne rumfa take yi ba, ta ƙasa take shiga ta ɗaga ta. Iska mai gudun kilomita 100 a awa na iya ɗora wa kowace murabba'in mita nauyin kilo 45 ko fiye. Rumfa mai mita uku da huɗu ke nan tana fama da abin da ya haura rabin tan, kamar buhun siminti goma sha ɗaya suna jan ta sama. Wanda ya riƙe wannan a ransa ba zai yarda a kafa masa ginshiƙi a kan intalok da ƙusoshi huɗu ba.

Mu fara da kwano, tunda shi ne zaɓin da ya fi rufa asiri. Dogon kwanon alminiyam da ake yanka wa mutum daidai tsawon da ya nema ba ya tsatsa, ba ya yoyo in an ɗora shi daidai, kuma kowane mai rufi ya san hannunsa. Kaurinsa ne wurin cuta. Ana sayar da 0.45, 0.55 da 0.7 na milimita, kuma sau da yawa wanda aka ce maka 0.45 ne, in aka auna bai kai ba. Ka sa a auna a gabanka da ɗan ma'aunin kauri, a tsakiyar falle, ba a baki inda yanka ya lanƙwasa shi ba. Ga baranda 0.55 ya isa. Ƙarafan da ke kwance ƙarƙashinsa kada tazararsu ta wuce santimita 90, in kuma siririn ne a matso da su zuwa 60 ko 70. Gangara aƙalla santimita 10 a kowace mita. Noti a kan tudun kwano ake ɗaure shi, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba, da washa mai roba, kuma a bar matsewa da zarar robar ta kwanta. In aka murƙushe ta, zafin ranar bazara zai tsaga ta, damina ta sami ƙofa.

Aibin kwano biyu ne: zafi da ƙara. Kwano mai duhun launi yana iya haura digiri 60 da azahar, ya riƙa sako wannan zafin a kan wanda ke ƙasa, har mutum ya rasa bambancin inuwa da rana. Maganinsa launi mai haske, tsayin da bai gaza mita 2.7 ba, da silin na PVC a ƙasa tare da shimfiɗar takardar alminiyam mai mayar da zafi. A bar sarari tsakanin silin da kwano, a buɗe gefe biyu don iska ta ratsa, a sa raga saboda jemage da ƙadangare. Silin ɗin nan shi ke rage ƙarar ruwa ma. POP kuwa a bar shi a falo. Feshin damina biyu ya ishe shi ya kumbura ya fara zuba. Kwano mai yayyafin tsakuwa ya fi shiru da kyan gani, amma ya fi nauyi da tsada, yana son gangara mai tsayi, kuma na jabu a indararo za ka riƙa kwashe tsakuwarsa.

Inda rumfar kwano ta fi yoyo shi ne mahaɗarta da bango. Masu gaggawa sukan cusa siminti ko su matsa silikon su tafi. Kwano yana miƙewa da rana yana takurewa da dare, siminti kuwa ba ya motsi, sai su rabu. Aikin ƙwarai shi ne a tsaga bango da giranda zurfin santimita biyu zuwa uku, a cusa lanƙwasasshen kwanon da masu rufi ke kira filashin, ya sauko ya rufe kan rumfar, sannan a toshe tsagar. Kada kuma a manta da indararo. Ruwan sama mai milimita 30 a kan wannan rumfa ta mita uku da huɗu lita 360 ne, ya kusa cika duro biyu, kuma in ba a nuna masa hanya ba gindin gini zai nufa, ko gidan maƙwabci.

Sai robar nan mai haske, polikabonet, wadda a kasuwa kowace iri Danpalon ake ce mata, alhali sunan kayan kamfani ɗaya ne, kamar yadda kowane garin sabulu ya zama Omo. Ita ce ta fi ruɗar masu saye, don a hoto ba ta da na biyu. Gaskiyarta ita ce tana tare ruwa, ba ta tare zafi yadda ake zato. Fara tas tana barin kusan kashi 80 cikin ɗari na haske ya wuce, wato ka gina wa kanka ɗakin renon tumatir. In dole sai ita, a ɗauki mai launin madara ko ruwan ƙasa, a ɗaga ta sama sosai, a bar gefuna a buɗe. Inda take da amfani na gaske shi ne lungun da rufin kwano zai jefa kicin ko falo cikin duhu, ko falle ɗaya a tsakiyar rumfar kwano daidai saitin taga.

Yawancin lalacewarta daga ɗorawa ne. Fuska ɗaya ce kawai ke da kariyar rana, kuma ledar da ke manne a jiki ce ke nuna ta. In yaran aiki suka ɓare ledar tun a ƙasa, sai dai a yi canki-canki, kuma fallen da aka kifa zai yi rawaya ya fara karyewa kamar biskit cikin 'yan shekaru. Mai ramuka a ciki, wadda ke zuwa da faɗin mita 2.1 da tsawon 5.8, dole ramukan su bi gangara. A liƙe bakin sama da tef na alminiyam, na ƙasa da tef mai numfashi, in ba haka ba ƙurar hunturu ta shiga, ruwa ya biyo, gansakuka ta tsiro a ciki inda ba hannun da zai kai. Robar tana miƙewa kusan milimita uku a kowace mita tsakanin sanyin asuba da zafin azahar, don haka ramin noti ya fi notin faɗi da milimita biyu zuwa uku. Wanda aka matse shi ne ke ƙas-ƙas da hantsi, daga baya ya tsage daga bakin rami. Mai kauri milimita 4 ba ta rufi ba ce, duk abin da mai shago zai ce. A fara daga 6, an fi son 8. Wanki da ruwa da sabulu da tsumma mai laushi. Fetur ko tina kashe ta suke yi nan take.

Raga, irin wadda ake yi wa rumfar mota, ita ce ta fi kowacce sanyi a ƙarƙashi, kuma dalilin a fili yake: saƙa ce, iska mai zafi na fita ta cikinta maimakon ta taru. Mai kyau tana tare kashi 90 zuwa 95 na hasken da ke ƙona fata. Ka tambayi nauyinta a murabba'in mita. Giram 320 zuwa 340 ita ce ta aiki. Ta 180 ta lambu ce, shekara ɗaya ta saki jiki. Amma raga ba ta tare ruwa, kuma mai sayarwa da ya ce “Alhaji, ai ɗan yayyafi ne kawai ke wucewa” bai zauna ƙarƙashinta a watan Agusta ba. Ga ƙura: duk abin da hunturu ya tara a kanta, ruwan farko zai sauke shi jan kunu a kan kujeru. A wanke ta da tiyo a ƙarshen Fabrairu. Ba kasafai ragar kanta ke fara mutuwa ba, zaren ɗinki ne, don haka a duba baki: ninki biyu, ɗinki layi biyu, da waya ko ɗamara a ciki.

In irin wadda ake ja ta kusurwa uku ko huɗu ce ba tare da firam ba, to ƙarfinta duka yana ga ja. A yanka ta ta gaza tazarar ginshiƙai da kamar kashi goma cikin ɗari, don a sami wurin sa ƙarfen ɗaurewa mai juyawa a kowace kusurwa. Ginshiƙi fayif mai inci huɗu, mai kauri, a ɗan kishingiɗar da shi baya, a binne kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa a kankare. Kusurwa biyu sama, biyu ƙasa. Wadda aka shimfiɗa a kwance kamar tabarma takan yi ta faɗa da iska har ta tumɓuke ƙugiyar bango da ɓallin filasta.

Tamfol mai rufin PVC, mai nauyin giram 650 zuwa sama, yana tare ruwa, yana kuma daɗewa in an ja shi tsam a kan firam mai baka. Maƙiyinsa tumbi ne. Da zarar wuri ɗaya ya saki, ruwa ya kwanta, kowace lita kilo guda, tumbin ya ƙara zurfi, har firam ya durƙusa. Shuɗin tamfol na leda da ake rufe buhuna da shi ba ya cikin wannan lissafi. Rani ɗaya yake yi ya koma zare.

Rumfa mai naɗewa, mai hannuwa biyu da ke miƙewa daga bango, ita ce ta fi burgewa kuma ita ce na fi ja wa mutane kunne a kanta. Yawancinsu an yi su ne don iskar da ba ta wuce kilomita 38 a awa ba, abin da hadarin Afrilu ke wucewa tun kafin ɗigon farko. Rumfar rana ce, dole a naɗe ta duk lokacin da gabas ta yi baƙi, duk dare, da duk lokacin da za a fita. Gidan da ba a da tabbacin wani zai tuna, kada a saya. Mai inji kuma lallai ta zo da sandar juyawa ta hannu, don a nan wuta da hadari ba sa zama wuri ɗaya: yana tasowa ake ɗauke ta, a bar ka da rumfa a miƙe. Wurin kafawa shi ne sauran rabin matsalar. Bulonmu mai rami ne, noti mai buɗewa ba shi da abin kamawa a ciki. A nemi linta ko bim na kankare a sa noti mai milimita 12, ko a huda bango gaba ɗaya a tare da farantin ƙarfe ta ciki. Yadin ya zama akirilik da aka rina tun yana zare, shi ne ba ya koɗewa da wuri, kuma in an naɗe shi a jiƙe a buɗe shi ya bushe da zarar gari ya washe, in ba haka ba ya yi fumfuna.

Mu koma ga barandar yamma da muka baro. Abin da take nema labule ne na waje, kuma kakanninmu sun riga mu da asabari. Na gora ko na kara har yanzu yana aiki: yana tare rana, iska na wucewa, kuɗinsa kaɗan. Sai dai ruwa na baƙanta shi, igiyarsa na ruɓewa, don haka a shafa masa banish, a naɗe shi in hadari ya haɗu, a kuma sa rai da sauya shi bayan damina biyu ko uku. Na zamani yadin raga ne mai rufin PVC da ke naɗuwa a kan fayif. Ana auna shi da yawan hudarsa: mai kashi 5 shi ne tsaka-tsaki, mai kashi 1 ya fi tare rana amma yana toshe iska, mai kashi 10 ranar la'asar na kashe ido ta cikinsa. Mai duhu ya fi bari a ga waje, mai haske ya fi mayar da zafi. Dole ya sami sanda mai nauyi a ƙasa da waya a kowane gefe da za ta riƙe shi, ko ƙugiyoyi a ƙasa. Wanda aka bari yana lilo zai fasa fitilar bango. Faɗin kowane ɗaya kada ya wuce mita uku, gara a raba biyu.

Akwai abin da masu sayarwa ba sa faɗa, kuma ya shafi gidajenmu. Da rana na ciki yana ganin waje, na waje ba ya ganin ciki. Da dare in aka kunna fitila, al'amarin juyawa yake yi. Wanda ya sa ragar don matan gida su sake a baranda, musamman a bene ko inda katanga gajera ce, ya haɗa da labule mai kauri na dare.

Rumfar ciyawa, irin ta wuraren shaƙatawa, babu mai kai ta sanyi, amma tana son gangara kusan digiri 45 kafin ta tare ruwa, ga gara, ga tsoron wuta da hunturu, musamman kusa da janareta ko murhun gashi. Ta dace da tsakiyar fili, nesa da gini. Lema kuwa ta ɗan haya ce: mai mita uku tana son gindi mai nauyin buhun siminti, a rufe ta in an tashi. Shuka mai hawa kan firam tana ba da inuwa mai daɗi, sai dai a jira damina biyu, a kuma yarda da shara kullum.

Wanda gidansa ke Jos lissafinsa ya ɗan bambanta. Gari ne a kan tudu, kimanin mita 1,200, hantsin Disamba abin nema ne ba abin gudu ba. Can rumfa mai ɗan barin haske ko labule mai naɗewa sun fi ma'ana, kuma gefen arewa maso gabas ne ke son kariya saboda iskar hunturu. Amma ƙanƙarar Jos ba ta wasa: siririyar roba da rana ta riga ta gasa huda ta take yi, siririn kwano kuma ta bar shi da tabo.

Duk wadda ka zaɓa, firam ne zai riƙe ta, kuma a nan ake rage kaya don jinga ta yi arha. Ginshiƙi fayif mai inci uku (ban da na ragar da ake ja), kaurin milimita biyu zuwa sama. Ka sa a yanka ɗan guntu ka gani da idonka, don fenti na ɓoye siririn ƙarfe. Rami santimita 40 faɗi, 60 zurfi aƙalla, kankare ɗaya-biyu-huɗu na siminti da yashi da tsakuwa, a bar shi kwana bakwai kafin a ɗora nauyi. A toshe kan kowane fayif, in ba haka ba ruwa ya taru a ciki ya ci shi daga gindi ba wanda ya sani. A kankare kashin walda, a shafa jan fentin hana tsatsa kafin na ado, a kuma raba alminiyam da ɗanyen ƙarfe da fenti ko tef, don haɗuwarsu cikin danshi na cinye kwanon a bakin noti. In katako ne, loko ko maɗaci, a sha da shi maganin gara, a ɗora ƙafarsa a kan takalmin ƙarfe don kada ta taɓa ƙasa.

Mazaunin rukunin gidaje ya tambayi masu kula da wurin kafin ya sayi ƙarfe, don wasu suna da dokar launi da tsayi, kuma rumfar da ta tsallake katanga zuwa titi jan fentin 'yan Development Control, masu sa ido kan gine-gine a Abuja, take gayyata. Ɗan haya ya sa a haɗa masa firam da noti maimakon walda, don ya kwance abinsa ranar tashi. A jinga kuma a rubuta kaurin kwano, kaurin fayif, nauyin yadi da zurfin rami, kowanne da lambarsa, ba “mai kyau” kawai ba. A yi aikin a Janairu ko Fabrairu. Ranar da aka gama, a hau da tiyo a saki ruwa a mahaɗar bango na minti goma, wani yana ƙasa yana duban silin. Cikon kuɗin aiki kuwa a yi yarjejeniya tun farko cewa sai bayan ruwa na biyu za a biya.